Kawu, allurar da kuke nema ba ni da ita

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, ku da su Inna da duk mutanen gida a Birni. Saƙon muryar da kuka turo ta WhatsApp ya iso tun ranar Laraba. Na saurare shi da asuba a mota kan hanyar barga, na sake saurara da dare. Tun da a gaban ƴan fada kuka yi shi, don ina jin dariyarsu da ƙarar kofin shayi a baya, bari ni ma in ajiye amsar inda kowa zai gani.

Abu biyu kuka faɗa. Na farko, in aiko muku da allurar nan da Nasara ke yi wa dawakinsu, ko hurden nan naku ya daina zuwa na uku a sukuwa. Na biyu kuwa gugar zana ce: wai mutumin da ya shekara ashirin yana kwasar kashin dokin Bature, ya auri ɗiyarsu, ya bar cin goro, me ya rage masa na Bahaushe ban da suna.

Allurar dai babu ita a hannuna, kuma da za a same ta a aljihuna, ranar zan bar aiki. Na san abin da kuke hange. Kuna ganinsu a talabijin, fata na sheƙi, jijiyoyi a tsaye, suna cinye mita 2,400 cikin minti biyu da rabi, sai ku ce ruwa da hatsi kaɗai ba sa yin wannan. To a nan Shantiyi ta Faransa, inda dawaki sama da 2,000 ke horo a cikin daji guda, abin da ke hana mai horarwa barci shi ne kada a sami wani abu a jinin dokinsa ranar tsere.

Ga yadda abin yake. A kwanakin horo doki yana da haƙƙin magani kamar kowane mara lafiya. In ya yi tari a ba shi, in gwiwa ta kumbura a duba shi. Amma likitan dabbobi ne kaɗai ke rubutawa, takardar tana da lamba, da sunan dokin, da adadin kwanaki, kuma ana jera ta a kundi guda a ofishin barga. Likitocin hukumar tsere suna iya faɗowa kowace safiya ba sallama. Su ɗebi jini, su buɗe kundin, su buɗe kabad ɗin magani. In abin da ke jinin yana cikin kundin, lafiya lau. In babu shi, mai horarwa ne zai amsa a gaban France Galop, hukumar tseren dawaki ta Faransa, ko da yana Makka ranar da aka ba dokin. Ba a tambayar wa ya yi kafin a ɗora masa, doki a hannunsa yake.

Ranar tsere kuwa ruwa da abinci, shi ke nan. Wannan ya sa rabin aikinmu lissafin kwana ne. Akwai wani maganin ciwon gaɓɓai da kowa ke kira but, cikakken sunansa fenilbutazon. Jadawalin da dakunan gwaji na Turai suka fitar ya ce ana iya ganinsa a jikin doki har awa 168, wato mako guda cur, kuma likita mai hankali sai ya ƙara kwanaki a kai, don wani dokin jikinsa na riƙe magani fiye da wani. In an yi wa doki allurar kotizon a cikin gaɓa, kwana 14 ba ya shiga tsere. Dokin da ke shan magani a bargarmu bokitinsa daban, ja ne, ba ya haɗuwa da na kowa, kuma in ya gama sai an kwashe shimfiɗar ɗakin gaba ɗaya an wanke, saboda yakan ci ciyawar da ya yi fitsari a kai, maganin ya sake komawa jikinsa. Akwai kuma waɗanda babu ranar da aka yarda da su, ko a horo ko a hutu, irin magungunan ƙara tsoka. A 2013 an kama su a jikin dawakin Godolphin a Niyumaket ta Ingila, dawakin sarkin Dubai ke nan, aka dakatar da mai horar da su, Mahmood Al Zarooni, shekara 8.

Na fi kowa sanin ɗakin da ake kai doki bayan tsere, don ni ke riƙe ragama. Wanda ya ci da duk wanda alƙalai suka nuna, can za a wuce da shi yana huci, gumi na zuba. A sa shi a ɗaki mai sabuwar shimfiɗa, a rufe ƙofa, wani ya tsaya da gwangwani a bakin sanda yana yi masa fito a hankali har ya saki fitsari. Wani dokin minti biyar, wani sai ya shanya ku kusan awa guda yana kallonku. A ɗebi jini kuma. A raba kwalba biyu, a liƙe a gabanka, ka sa hannu. Lamba ce a jiki, ba suna, don masu gwaji a Beriyar-lə-Buwiso, kudu da Pari, kada su san dokin wa suke dubawa. Kwalba ta biyun ajiya ce, in ka musa sai a buɗe ta.

Yanzu goro. Kawu, ban bar goro ba, na bar shi a gida ne. Watana na farko a barga, ina zuba hatsi a kwami, da ɓarin goro a kumatu, sauran a aljihun riga. Shugaban ma'aikata, wani dattijo mai gajeren wuya da ba ya dariya kafin ƙarfe goma, ya ga bakina ja ya ce me nake ci. Na ciro na miƙa masa, yadda aka koya mana, baƙo ko babba ba a hana shi goro. Ya juya shi, ya ɗan gutsura, ya tofar. Da ya ji ana samun kafeyin a ciki, sai da ya sa aka kwashe kwamin nan kaf, aka wanke, ni kuma na wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Abin da ke cikin kofi da shayi shi ke cikin goro, kuma haramun ne a jinin dokin tsere. Ranar na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushi, don a ganina an wulaƙanta goro. Daga baya na ga haka ake yi wa mai cakulan da mai kofi. Har fitsari an hana ma'aikaci yi a ɗakin doki, saboda in yana shan wani magani, taramol ne ko wani abu, dokin zai lasa ya fito a gwaji. Ku da ke Zinder ba sai na yi muku bayanin taramol ba.

Kanwa ma da kuke jiƙa wa hurde, a nan ranar tsere ba ta shiga bakin doki. Gishirin da ke cikinta dangin bikarbonat ne, wanda masu maguɗi ke ɗura wa doki ta hanci don ya jinkirta gajiya, kuma an sa masa iyaka a jini, 36 a ma'auninsu. Ban ce ku daina ba. Kaka ya ba dawakinsa kanwa har ya koma ga Allah, ba wanda ya ga laifinta. Ina dai nuna muku cewa abin da yake gata a turkenku, a nan takardar tuhuma ce.

Kuma ba talaka kaɗai abin ke ci ba. Goɗiyar Sarauniyar Ingila, Estimate, ta zo ta biyu a Kofin Zinare na Askot a 2014, aka sami mofin a jikinta. Daga abinci ya shiga, ba wanda ya yi niyya, amma aka ƙwace matsayin. A Oktoban 2020, ana jibi-gobe babban tseren filin Lonshan na Pari, ɗakin gwajin nan na Faransa ya gano zilfaterol, maganin ƙiba na shanu, a abincin wani kamfani na Ailan. Aidan O'Brien, mai horar da dawaki da duk duniya ta san shi, ya janye dawakinsa huɗu daga tseren, bayan shekara guda ana shiri. Amurka ce dai ta daɗe da nata hali. Shekara da shekaru suna yi wa doki allurar Lasix awa huɗu kafin tsere, wai don kada huhu ya yi jini, ya yi ta fitsari har ya zubar da kilo goma ko fiye. Su ma sun fara ja da baya, yanzu ba a yi wa ƴan shekara biyu, ba a yi a manyan tsere. Medina Spirit, dokin da ya ci babban tserensu na Kentaki Dabi a 2021, an ƙwace nasararsa saboda betametazon, wani maganin kumburi.

Kuna iya cewa duk wannan tsirfar Nasara ce. Ni kuwa abin da ya sa ban taɓa jin dokar baƙuwa ba, Kaka ne. Kun fi ni tuna shi. Kafin ya karya, sai ya zagaya turke, ya durƙusa, ya bi ƙafafun akawal ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da bayan hannunsa, daga gwiwa zuwa kofato. In ya ji ɗumi ko kaɗan, ranar ba kilisa. Shekarar da ya hana a hau shi hawan Salla, duk gida aka yi fushi, an riga an ɗinka kaya, an wanke jalala, ku da kanku kuka ƙi cin tuwo. Ya ce dokin ya gaya masa ƙafarsa na ciwo, shi kuwa ba zai toshe masa baki ba. Maganin kashe zafi ranar tsere toshe baki ne. Dokin ba ya jin tsagewar da ke ƙashinsa, ya zuba gudu da dukan ƙarfinsa, ƙafar ta karye a tsakiyar fili da yaro a bayansa. Na taɓa riƙe kan wanda ya karye ana jiran likita, ba na son in sake. Kuma dattijon nan da ya tofar da gorona, abin da ya sa ya fara sakin fuska da ni shi ne ya gan ni durƙushe ina shafa ƙafar wani dukushi da bayan hannu. Ya ce wace makaranta na yi. Na ce Birni.

Maganar kwasar kashi ba ta dame ni ba. A fadar Damagaram ma ai wani ke kwashewa, kuma shamaki ba ƙaramin mutum ba ne. Ta mai ɗakina ce ta ɗan sosa ni. Kawu, kun ci tuwon da ta tuƙa lokacin da muka zo, kun ce a ƙaro. Da garin semul take yi a nan, kuka da daddawa kuwa duk mai zuwa daga gida sai ya riƙo mana. Hausarta ta fi ta wasu ƴaƴan ma'aikata da ke Yamai. Ita ke tashina sahur. Ban ce komai daidai yake ba: iyayenta sun shekara uku kafin su taka gidanmu, kuma har yau in an zo maganar inda za a binne ni, sai ta tashi ta shiga kicin. Mu ƴan Nijar da ke Kirel, garin da ke kusa da Shantiyi, da kewaye ba mu da yawa, amma muna da asusu na wata-wata saboda wannan ranar, kuma suna ko rasuwa ba ta wuce mu. Ranar Salla in ta faɗo a ranar aiki, nakan fito barga in sa babbar riga a kan kayan aiki a cikin mota, ina warin doki a sahu. Ba wanda ya taɓa matsawa.

Ɗiyata ta fari, wadda kuka ce an bar mace tana hawan doki kamar namiji, tana makarantar mahaya a Gubiyo, nan kusa da mu. Rabin masu fita kilisa da safe a nan mata ne, har tun 2017 ana rage wa mace nauyin da dokinta zai ɗauka a yawancin tsere. In ta yi fushi da Faransanci take yi, in tana son kuɗi sai ta ce Baba don Allah. Ƙanenta ne dai Hausarsa ta yi rauni, yana ji ba ya mayarwa, wannan kam laifina ne, ina fita ƙarfe biyar yana barci, in dawo a gajiye. Kuna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ban musa ba, amma kuɗin rufin ɗakin Inna bai ɓata hanya ba.

Sai zancen caca da wani ya jefo daga baya a cikin saƙon, na gane muryarsa. Ni albashi nake ɗauka, ban taɓa sa ko dala a kan doki ba. Shi kuwa ya faɗa wa fada inda yake tsayawa kowace safiya da biro a kunne, yana cika tikitin cacar PMU a kan dawakin da ni nake wanke wa ƙafa. Har lambar waya ya nema wai in riƙa ba shi sirri. Gwajin nan da yake raina wa, shi ne ya sa jakarsa ɗaya ba ta tafi a maguɗi ba, ta tafi dai a rashin sa'a.

Game da hurde, na kalli bidiyon da kuka turo sau da yawa. Ku lura da kansa in yana sassarfa: yana ɗaga shi duk lokacin da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa. Ku sa yaro ya ja shi a kan tsandauri, ku tsaya a gaba ku gani da idonku. Ina zargin kofaton ne, ya yi tsawo ta gaba. Kada a yi masa lalas, kada a sayo masa allura a kasuwar Dole, a kira likitan dabbobi ya duba, a huta da shi ko da wata guda ne, sukuwar bana ta wuce. Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan ba shi wuƙar gyaran kofato da magagari da maganin tsutsar ciki, takardar yadda ake ba shi tana ciki, ɗan Yaya zai karanta muku. In zai dawo a haɗo shi da kuka da kilishi, da goro fari ko ƙwarya guda ce, na ranar Lahadi.