Tambayi Mai Harhaɗa Magani: Na Tsada, Na Araha da Na Tasha

Mahaifiyata tana shan Norvasc saboda hawan jini, kuɗinsa ya fi ƙarfina. In saya mata amlodipine mai araha? Ga shi kuma ƙafarta tana kumbura. Wata 'ya daga Zariya

Kwantar da hankalinki 'yata, Allah ya yi miki albarka. Norvasc sunan da kamfanin Pfizer ya sa wa nasa ne, abin da ke ciki amlodipine ne. Aikinsa tare ƙananan ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga bangon hanyoyin jini. In kalsiyam ya ragu, sai hanyoyin su saki, jini ya sauka. Kumburin idon sawu sananne ne ga masu shansa. Ki faɗa wa likita, amma kada Mama ta daina sha da kanta.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne inda za ki saya. Hawan jini ba ya ihu. In aka sayar miki da jabu, Mama za ta yi watanni tana haɗiya, kowa na ganin lafiya lau, sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ta zo. Duk da haka za ki ga mutum ya ƙi zuwa kantin magani mai rajista, ya tsaya wajen mai tire a tasha, maganin ya wuni a rana, an yayyanka katin babu kwali, babu ranar lalacewa. Ina arahar a nan? Ki duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin magani, ki riƙe kanti ɗaya, ki riƙa auna jininta. Awon ne zai nuna miki ko maganin na aiki.

An tallata mini sabon maganin ciwo na Amurka a WhatsApp, wai ba ya sa maye. Zai yi wa ciwon bayana na shekaru? Daga Gusau

Malam, riƙe kuɗinka. Suzetrigine ake nufi. Amurka ta amince da shi a Janairun 2025, yana toshe wata ƙofar sodiyam a jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Amma don ciwo na ɗan lokaci aka amince da shi, kamar bayan tiyata, kuma ƙwaya ɗaya ta haura dala 15 a can. Me kake tsammani mai WhatsApp zai aiko maka?

Ina shan glibenclamide, zan yi azumi da shi? Daga Maraɗi

Baba, a ga likita tukuna. Wannan maganin ciwon sukari yana rufe ƙofar fotasiyam a fankiriyas (pancreas), gaɓar da ke fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, sai insulin ya fito ko an ci abinci ko ba a ci ba. Da rana sukari na iya faɗuwa har mutum ya suma. Likita na iya rage shi, ya mayar da shi lokacin buɗa baki, ko ya canza maka wani.