Kawu, ga amsar maganar tsuntsaye

Kawu na ji voice ɗin da kuka turo, na yi dariya har yara suka leƙo. Wai mutum da iyalinshi ya biya kuɗi don ya kalli tsuntsu, ba ya harba ba ya ci. Ai dole ku yi mamaki, ku da jan baki ke hana barci duk shekara a fadamar Argungu, ana kaɗa gwangwani tun asuba har wani lokaci sai an kawo jirgi ya yi feshi. Ni ma shekarata ta farko a Manchester haka na ɗauki abin, aikin wanda ya ƙoshi.

To ga yadda abin yake. Kaka a nan daga Satumba ne zuwa Nuwamba, lokacin da kuke yankan gero mu ganye ke zuba, sanyi na shigowa, ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya sai ka ga magariba ta yi kafin biyar. In ba ka fitar da yara ba gida zai ishe ku. Shi ya sa mu Hausawan unguwarmu, kamar gida huɗu zuwa biyar, muke haɗa motoci ranar Asabar mu tafi wani wuri Martin Mere a Lancashire, tafiyar kamar awa guda, mata su soya ƙosai a cika fulas da shayi, azahar kuma a shimfiɗa darduma gefen mota. Ba kowa ke zuwa ba fa, akwai masu ra'ayinku sak.

Wurin fadama ne kawai Kawu, ruwa da ciyawa da laka, sai ɗakunan katako masu siririyar taga da ake shiga a zauna shiru da madubin hangen nesa. Shirun nan shi ya fi ba mu wahala. Ranar farko na hango garken dinya na ɗaga murya na kira Hajiya ta zo ta gani, wani dattijon Bature ya juyo ya dube ni, bai ce uffan ba amma wallahi da zagina ya yi da ya fi sauƙi. Daga baya shi ya ara wa ɗana madubinshi. Dinyoyin nan daga Iceland da Greenland suke zuwa dubbai a Oktoba, ƙafarsu ja-ja, da yamma in za su sauka kukansu sai ka ce kasuwar Kamba ta ci.

Danko kuma kar ma a fara. Akwai doka tun 1981, kashe yawancin tsuntsayen daji ko ɗauke musu ƙwai laifi ne, kotu ake zuwa. Ƙungiyarsu ta kare tsuntsaye, RSPB, tun 1889 take, mambobinta sun haura miliyan. Na ba yara labarin yadda muke gasa kurciya muna ƙanana suka dube ni kamar na ce na ci mage.

Amma abin da ya riƙe ni daban ne. Wasu na isowa wasu na tashi, tsattsewa da shahon nan mai kama kifi duk kudu suke yi su ƙetare Sahara, shahon yawanci Senegal da Gambiya yake sauka, wasu agwagin Turai kuma har fadamun Hadejia da Nguru. Su ba biza ba kuɗin jirgi, ni shekara uku ke nan ban taka gida ba. Kuma balbela, balbelarmu ta bayan shanu, yanzu tana nan Ingila, a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Somerset. Ran da muka ga ɗaya autata ta faɗi sunanta da Turanci na ce a'a, balbela, ta yi ta maimaitawa har gida. Shamuwa ce take tambaya yanzu don na ce mata ita ke kawo damina, ita kuwa babu ta a nan. In ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida baɗi, don Allah ku sa yara su ɗauko mana hoto.