Kafin ka kwashi kuɗinka zuwa Yawunde

Tambaya: Malam, ni bakaniken wutar mota ne a Garwa. Na'urar da ke jin ƙwanƙwasar inji tana aika wa kwamfutar mota saƙo mai hayaniya, sai na ɗaura kafasito da resista a wayarta, fitilar gargaɗi ta mutu. Ina zan yi rajistar wannan ƙirƙira tawa?

Amsa: Ofishin shi ne OAPI, hukumar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi, tsawon shekara 20. Amma ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ba a ba da takardar mallaka a kan abin da duk gwanin sana'ar zai iya tunaninsa, kuma tace saƙo da kafasito karatun ɗan koyo ne. A 2007 kamfanin Teleflex ya sha kaye a hannun kamfanin KSR a Kotun Ƙolin Amurka a kan irin wannan: an ɗauki totur da ake iya matsar da shi gaba ko baya, an liƙa masa na'urar lantarki da aka daɗe da sani, kotu ta ce haɗa sanannun abubuwa su yi aikin da aka san su da shi bai kai ƙirƙira ba.

Abin da ya fi damuna shi ne motar mutane. Ita kwamfutar tana da matacinta a ciki. Tana kasa kunne ne jim kaɗan bayan filogi ya ba da wuta, idan ta ji ƙwanƙwasa sai ta ja lokacin wutar baya. Kafasiton naka zai iya haɗiye ƙarar ƙwanƙwasar tare da hayaniyar, ka ga ka toshe wa mai gadi kunne ke nan. Ga zafin Garwa, ga man zuwa-zuwa da ba a san ingancinsa ba, fistin ne zai biya. Cire kafasiton yau. Duba rigar wayar, ka nisanta ta da wayoyin filogi, ka ɗaure na'urar daidai.

Tambaya: Daga Marwa. ELM327, 'yar na'urar da ake jonawa a mota don duba matsalarta, ta ƙi haɗuwa da wayata.

Amsa: Murɗa makulli tukuna, Alhaji, ba ta magana da mota mai barci. Lambar Bluetooth galibi 1234 ce ko 0000. In iPhone ce, nemi mai Wi-Fi.

Tambaya: Daga Injamena. Wayata tana zafi idan na yi caji a mota.

Amsa: Sauke ta daga gaban gilashi, Hajiya, ki kuma sayi caja ta kirki.