Zan iya shiga tseren hawan tudu da motar haya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Yaya. Ina zaune a Birmingham. Bara na ɗauki mota Volkswagen Golf R a hayar shekara uku, irin wadda ake biya duk wata, in wa'adi ya cika a mayar wa kamfani da motarsa. Wani abokin aikina ya kai ni kallon tseren hawan tudu a Shelsley Walsh, kuma tun ranar abin ya shiga raina. Na ga motoci irin tawa, har da waɗanda ba su kai ta ba, suna hawa da lambar titi a jikinsu. Abokin nan ya ce in shiga kawai, tunda hawa ɗaya bai kai minti ɗaya ba, kuma ba wanda zai gaya wa kamfanin. Me ake bukata kafin a fara, kuma motata za ta yi?

Ƙaninka, daga Birmingham.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wasan da ya shiga ranka wasa ne mai kyau, kuma ina son ka shige shi. Amma da wannan motar, a'a, sai dai in masu ita sun ba ka izini a rubuce. Bari in yi maka bayani dalla-dalla, don na san amsar ba za ta yi maka daɗi ba.

Ka fara da wuri mai tarihi. Tun 1905 ake hawan Shelsley Walsh, a kan hanyar nan ɗaya da ka gani. Tsawonta yadi 1,000 ne, wato mita 914, tana ɗagawa sama kimanin mita 100, kuma a wasu wurare faɗinta ƙafa 12 ne kacal. Motocin tsere masu kujera ɗaya sun taɓa gama ta a ƙasa da sakan 23. Mota irin taka, a hannun wanda ya iya, sakan talatin da wani abu. Abin da abokinka ya duba ke nan ya ce ai ɗan lokaci ne. Abin da bai duba ba shi ne gefen hanyar. A filin tsere na zagaye, in ka kuskure kwana akwai ciyawa ko tsakuwa da za su tare ka. A tudu kuwa bangon ƙasa ne, da katako, da shingen ƙarfe, ga itatuwa a baya. Kuma za ka tashi ne da taya mai sanyi da birki mai sanyi, ba zagayen ɗumama mota.

Na taɓa tsayawa aikin sa-kai a gefen wata kwana a wani tudun, wata ƙaramar mota fara ta shigo da gudun da bai wuce na cikin gari da yawa ba. Safiya ce, akwai raɓa a ƙarƙashin itatuwa. Gabanta ya ƙi juyawa, ta zame ta daki bangon ƙasa da kafaɗar hagu. Direban ya fito lafiya lau, ya cire hular kwano, ya tsaya yana kallon tayar gaba da ta lanƙwashe ta shige ciki, ruwan lagireto yana gangarowa kan kwalta, jakar iska ta fashe ta rataye a sitiyari. Motarsa ce ta kansa, tsohuwa, don haka asarar ta tsaya a kansa. Ka sa motarka a wurin, ka yi lissafi.

Yanzu ɗauko takardar yarjejeniyarka. A irin hayar da ka yi, kamfanin ne mai motar, kuma yawanci sunansa ne a kan takardar rajista ta V5C, ba naka ba. Ka nemi sashen da ya yi maganar yadda aka yarda a yi amfani da mota. A mafi yawan irin waɗannan takardu za ka tarar an hana tsere, da gwajin gudu, da shiga kowace gasa, wasu ma sun hana hawa filin tsere ko da ba gasa ake yi ba. Hawan tudu kuwa gasa ce da agogo, babu wata fassara da za ta fitar da shi daga ciki. In ka karya wannan sharaɗi, kamfanin yana da ikon soke yarjejeniyar, ya karɓi motarsa, ya kuma bi ka bashin abin da ya rage. Akwai kuma batun gyare-gyare: huda bamba don ɗaura wani abu, ko canza kwamfutar inji, duk a ranar mayar da mota za su fito, lokacin da mai dubawa zai zagaye ta da ƙa'idar lalacewar da aka yarda da ita, wadda ƙungiyar BVRLA ta tsara wa kamfanonin haya.

Inshorarka ta titi ma haka take. Daga lokacin da ka shiga layin farawa ba ruwanta da kai, don ita ma ta cire tsere da gasa da gwajin gudu. Inshorar da ke tattare da izinin taron daga hukumar Motorsport UK, mai kula da wasannin tseren mota a Birtaniya, ta shafi ɓarnar da za a yi wa wasu ne, ba ta gyara motarka. Inshorar cike giɓi ta GAP, wadda ke cike abin da ya rage tsakanin kuɗin da inshora ta biya da bashin da ake binka, in kana da ita, tana bin bayan ta titin ne, in waccan ta ƙi biya ita ma ba za ta biya ba. Garantin kamfanin da ya ƙera motar shi ma ba ya ɗaukar abin da ya lalace a gasa. Akwai kamfanoni na musamman da ke sayar da inshorar ranar gasa, amma ka lura da abu biyu: wadda ake sayarwa don ranar yawo a filin tsere sau da yawa ba ta ɗaukar gudun da ake auna wa lokaci, sannan kason da za ka biya daga aljihunka kafin su sa hannu yana da nauyi. To in motar ta tashi daga aiki gaba ɗaya, kai ne za ka biya kuɗin motar da ba ka da ita, ba ka kuma taɓa mallakarta ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maganar cewa ba wanda zai sani ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Da farko ba gaskiya ba ce. Sakamakon kowane taro ana sa shi a intanet, da sunan direba da irin motarsa da lokacinsa. Masu ɗaukar hoto suna kowace kwana. Motocin zamani da yawa suna ajiye tarihin yadda aka tuƙa su a kwamfutarsu, har da yawan tashin ƙarfi da aka yi daga tsaye, kuma dila yana iya karantawa. Na biyu, ko da ba wanda zai sani, ka sa hannu a kan alkawari, kuma motar amana ce a hannunka. Akwai kuma matakin da ke biyo baya, wanda shi ne mafi muni: mutum ya yi karo a tudu, ya ja motar zuwa gefen titi, ya kira inshora ya ce a can abin ya faru. Wannan zamba ce a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, ana ɗaure mutum a kanta. Wanda ya fara da ɓoyewa, ranar da abu ya lalace wannan ƙofar ce zai gani a buɗe. Don Allah kada ka kai kanka bakinta.

Abin da za ka iya yi shi ne ka tambaya. Ka rubuta wa kamfanin, ka faɗi abin da sunansa: gasar hawan tudu mai auna lokaci, ƙarƙashin izinin Motorsport UK, a wuri kaza, rana kaza, da inshorar gasa da za ta ɗauki cikakken kuɗin motar. Amsar da wani ya ba ka a waya ba ta da amfani, sai rubutacciya. Ina kyautata zaton za su ƙi, amma ka huta da tunani. Masu karatu da suka ɗauki mota a tsarin PCP, wato sayen mota bashi ana biya duk wata da babban biya a ƙarshe, su ma su lura: sunanka ne a rajista, amma motar ta kamfanin bashi ce har sai ka biya kuɗin ƙarshe, kuma tasu takardar ma tana da irin wannan sharaɗi.

Ga wani abu da zai rage maka zafin amsar. Golf R ba ita ce motar da zan zaɓa wa mai koyo ba ko da tasa ce. Ana raba motoci aji-aji bisa girman inji, kuma a ajin motocin titi ana ninka injin da ke da turbo da 1.4. Injinka cc 1,984 ne, sai ya koma kamar 2,778, wato ka faɗa ajin sama da 2,000, inda za ka tarar da motocin da masu su suka shekara suna gyara musu ƙafafu da taya don tudu kaɗai. Sannan mota mai jan ƙafa huɗu da kwamfutoci masu gyara kuskure tana ɓoye wa mai koyo kuskurensa. Za ta kai ka gudun da hannunka bai kai ba, ranar da ta gaza kuwa kana cikin gudu sosai.

Ka nemi tsohuwar ƙaramar mota da za ka saya da kuɗin hannu, wadda in ta daki bango za ka ji zafi amma ba za ka shiga bashi ba. Renault Clio 172 ko 182, Suzuki Swift Sport, Mazda MX-5, tsohuwar Fiesta ST, duk za ka gan su a farfajiyar kowane tudu. Ta kasance da MOT, wato takardar gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da haraji da inshora, ka tuƙa ta zuwa wurin, ka tuƙo ta gida. Kuɗin da za ka kashe a kanta ka fara da taya masu kyau daga jerin da hukumar ta amince wa ajinka, da sabon man birki, da takalman birki. Ƙarin ƙarfin inji ya jira.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Za ka shiga ƙungiyar motoci mai rajista: Midland Automobile Club ce ke da Shelsley, Bugatti Owners' Club ke da Prescott kusa da Cheltenham, Hagley and District Light Car Club ke gudanar da Loton Park a Shropshire, duk ba su da nisa da kai. Za ka nemi lasisin RS Interclub daga Motorsport UK, ba a yin jarrabawar tuƙi a kansa. Za ka sayi hular kwano mai hatimin da hukumar ta yarda da shi, ta babur ba ta yi, da rigar da wuta ba ta ci da safar hannu. A ajin motocin titi na yau da kullum ba a tilasta kejin ƙarfe a cikin mota. A gaban motar za ka ɗaura wani ɗan baƙin allo a tsaye, kimanin santimita 25 a tsayi da 5 a faɗi, shi ke yanke hasken da ke tayar da agogo. Za ka naɗe wayar ƙasa ta batir da tef ruwan ɗorawa, ka liƙa alamar da ke nuna inda ake kashe inji, ka sa lambobin gasa a ƙofofi, ka kuma cire su ko ka rufe su kafin ka koma titi. Ana sabunta dokokin kowace shekara, don haka ka karanta na shekarar da na taron kafin ka sayi komai. Kuɗin shiga taro ɗaya yakan haura fam 100.

Ranar kanta haka take. Da sassafe masu duba mota za su buɗe bonet, su girgiza batir da kujera, su duba hatimin hularka, a auna ƙarar salansa. Sai ka taka tudun da ƙafa, kuma kada ka raina wannan, don a nan za ka ga inda kwalta ta karkata da inda inuwa ta riƙe danshi. Yawanci hawa biyu ne na gwaji da biyu na gasa. A layin farawa ma'aikata za su tura motarka gaba kaɗan, baya kaɗan, har allon ya daidaita da layi, ɗaya ya sa katako a bayan taya don kada ka gangara. Fitila ta zama kore, amma agogo ba ya tashi sai ka motsa, don haka ka ja numfashi. A takardar sakamako za ka ga lokacin ƙafa 64 na farko. An zaɓi wannan tazara ne don motar da ta cinye ta a sakan 2 daidai ta tashi da ƙarfin da ya yi daidai da jan ƙasa. Direbobi sukan tsaya suna kwatanta wannan lamba fiye da kowace, kuma a nan za ka fara ganin ci gabanka.

Kafin ka sayi mota, ka yi rajistar aikin sa-kai na tsaron hanya a taro ɗaya ko biyu. Ba a biyan ko kwabo, kullum ana neman mutane, kuma daga gefen kwana za ka ga inda gwanaye ke taka birki da inda sababbi ke takawa. Shelsley da Prescott da Loton da Harewood da Gurston Down duk suna da makarantar yini ɗaya da ake koyar da hawan da motar mutum. Ita ma ka jira sai ka samu taka ta kanka, don hawa filin ne. Kakar wasan takan fara a watan Afrilu ta kai wajen Satumba ko Oktoba, ka ga kana da hunturu guda na neman mota da haɗa kaya.

TAMBAYA

Ni da maigidana duka muna sha'awar wasan nan, amma mota ɗaya za mu iya saya. Dole ne ɗaya ya haƙura?

'Yar'uwarku, daga Leeds.

AMSA

Ba wanda zai haƙura, 'yar'uwa. An yarda mutum biyu su yi gasa da mota ɗaya a rana ɗaya, kuma ma'aurata da iyaye da 'ya'yansu da yawa haka suke yi. Kowa zai samu lasisinsa da katin ƙungiyarsa, kowa zai biya kuɗin shigarsa. Masu shiryawa sukan sa ɗaya ya hau a rukunin farko, motar ta sauko, a canza lamba, ɗayan ya hau. Hular kwano kowa ya sayi tasa daidai kansa, don wadda ta yi yawa ba ta karewa. Ku kuma sa alama a layin kujera, kowa ya san inda zai mayar da ita cikin sauri. Mata da maza aji ɗaya suke hawa, agogo ɗaya ke auna su. Harewood yana kusa da ku, tsawonsa yadi 1,584, shi ne mafi tsawo a Ingila, kuma daga saman tudun ana ganin kusan dukan hanyar, don haka wanda yake jira yana iya kallon hawan ɗan'uwansa daga farko har ƙarshe.