Me ya sa rokar ta karkata maimakon ta miƙe sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya na kalli yadda aka harba rokar Falcon 9 ɗauke da taurarin ɗan'adam na Starlink masu samar da intanet, ana nunawa kai tsaye a intanet. Abin ya ɗaure mini kai. Rokar ta tashi tsaye, can sai na ga ta karkata kamar za ta faɗo. Daga baya rabinta ya dawo ya sauka a tsakiyar teku. Kuma har aka rufe shirin ban ga taurarin da aka ce za a kai ba. Me ya kamata in riƙa lura da shi idan zan sake kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ƙasan allon akwai lambobi biyu da ke ta canzawa, ɗaya na tsayi, ɗaya na gudu. Yawancin masu kallo kan tsayin suke sa ido. Ni kuwa shawarata ka bi na gudun, domin nan labarin yake.

Hawa sama ba shi ne aikin ba. Da rokar ta miƙe tsaye har kilomita 550, kusa da tsayin da taurarin Starlink ke zagayawa, ta saki kayanta, da sun rikito ƙasa kamar dutse. A wannan tsayin ƙarfin da duniya ke janyo abubuwa da shi bai ragu sosai ba, yana nan wajen kashi 85 cikin 100 na wanda muke ji a doron ƙasa. Abin da ke hana tauraro faɗowa shi ne gudun da yake yi a gicciye. Jefa tsakuwa gabanka, za ta faɗi kusa. Ƙara ƙarfi, ta faɗi nesa. To, idan gudun ya kai kimanin kilomita 27,000 a sa'a, wato fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, abin da aka jefa yana faɗowa amma ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, saboda duniya ƙwallo ce, sai ya yi ta faɗuwa bai taɓa ƙasa ba. Wannan faɗuwar da ba ta ƙarewa ita ake kira shiga falaki. A haka tauraron ke zagaye duniya cikin minti 95 ko kusa da haka.

Saboda haka karkatar da ka gani ba matsala ba ce. Rokar tana tashi tsaye ne kawai don ta yi maza ta fice daga iska mai kauri ta ƙasa, sannan ta kwanta ta fara tara gudu. Idan daga Cape Canaveral a jihar Florida ta Amurka aka harba ta, takan nufi ɓangaren gabas ta bi saman Tekun Atlantika. Juyawar duniya tana ba ta kyautar gudu a wannan ɓangaren, kuma in wani abu ya lalace, cikin ruwa tarkacen zai zuba, ba kan gidajen mutane ba.

Yanzu ga yadda mintocin ke tafiya. Tun kafin tashi za ka ga farin tururi na fita daga jikin rokar. Ba wuta ba ce. Ruwan oksijin ne mai tsananin sanyi ake ɗura mata, tare da wani tataccen kananzir, kuma ana fara ɗurin ne saura minti 35. Shi ya sa idan yanayi ya ɓaci bayan nan, sau da yawa sai dai a ɗage zuwa wata rana. Rokar mita 70 ce, injuna tara ke ɗaga ta. Bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙu takan shiga lokacin da iska ta fi matsa mata, ka ji mai sharhi ya ambace shi. Wajen minti biyu da rabi injunan tara su mutu, ɓangaren ƙasa ya rabu da na sama. Duba lambar gudu a daidai nan: ba ta ma kai sulusin abin da ake buƙata ba. Ragowar aikin na ɓangaren sama ne, mai inji ɗaya tal, wanda kyamara ke nuna bakinsa ya yi jajir don zafi. Shi ne ba a yi wa tafi, alhali shi ke kai kayan.

Wanda ake yi wa tafin shi ne ɓangaren ƙasa. Yakan juya, ya kunna injuna don rage gudu, ya miƙe ƙafafu huɗu, ya dira a kan wani faffaɗan jirgin ruwa marar matuƙi wajen minti takwas da rabi da tashi. Kamfanin SpaceX, mai rokar, ya fara saukar da shi lafiya a kan tudu a Disamban 2015, sannan a teku a Afrilun 2016. A da, jefar da shi ake yi bayan tafiya ɗaya. Yanzu akwai waɗanda suka tashi fiye da sau 20, kuma wannan ne ya sa kamfanin ke iya harbawa kusan kowane mako, wani lokaci ma sau biyu ko uku.

Taurarin kuwa, ba ka gan su ba ne domin galibi ana rufe shirin bayan saukar nan, su kuma sai can wajen sa'a guda ake sakinsu. A jere suke kamar faifai kan faifai. A Mayun 2019 guda 60 aka kai a tashi ɗaya. Waɗanda aka fara harbawa daga 2023 sun fi girma da nauyi, don haka ashirin da 'yan kai ake ɗauka. Ana sakinsu ƙasa da inda za su zauna, da gangan, don wanda ya mutu iska ta janyo shi ya ƙone da wuri. Masu lafiya su buɗe farantan hasken rana, su yi ta hawa a hankali na tsawon makonni da ƙananan injunan lantarki. Dabarar tana da haɗarinta. A Fabrairun 2022 guguwa daga rana ta kumbura iskar can sama, aka yi asarar kusan 40 daga cikin 49 da aka harba.

In kana son ganinsu da idonka, kwanakin farko bayan harbawa ne lokacin. Suna wucewa a layi ɗaya kamar carbi, ba ƙara, ba ƙyaftawa irin ta jirgin sama. Ba su da fitila, hasken rana suke maidowa, don haka sai bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da kai kana cikin duhu su kuma rana na haska su. Akwai manhajoji da ke lissafa lokacin da za su bi ta kanka idan ka sa musu inda kake. Ka fita minti biyar kafin lokacin, ka nemi wurin da fitilu ba su yi yawa ba, domin cikin 'yan mintoci layin zai shige inuwar duniya ya ɓace.