Tambayi Likita: Me ya sa "ai mun san halinka" ke ƙona rai?

Wani magidanci mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya rubuto cewa duk lokacin da ya buɗe baki sai maiɗakinsa ta riga shi, ta ce ta san abin da zai faɗa, shi kuwa sai ya ji zuciyarsa na bugawa da ƙarfi. Yana tambaya ko ciwo ne.

Malam, wannan ba ciwo ba ne. A 1966 masanin halayyar ɗan Adam Jack Brehm ya bayyana cewa idan mutum ya ji an tauye masa 'yancin zaɓi, yakan ji yunƙurin ƙwato shi, har ya aikata akasin abin da ake tsammani don kawai ya nuna ba a gama karanta shi ba. Wanda ya ce ya san abin da za ka faɗa, kunnenka na jin kamar cewa ya yi ba kai ke zaɓar maganarka ba. Bugun zuciyar kuwa aikin sinadarin adrenalin ne, wanda jiki ke saki a lokacin ɓacin rai, kuma yakan lafa da kansa. Amma idan ciwon ƙirji ya zo maka yayin ɗaukar buhu, ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da ƙarancin numfashi, ka garzaya asibiti nan take. A auna maka hawan jini ma, tunda sau da yawa ba ya nuna alama.

Wata tela daga Agege ta ce wata mai kawo mata ɗinki ta gaya mata a gaban jama'a cewa duk aikinta kwaikwayo ne, kuma maganar ta hana ta barci.

Hajiya, ba raki kika yi ba. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ware daga wani wasan jifan ƙwallo na kwamfuta, suka ga wani sashe da ke aiki lokacin raɗaɗin jiki ya motsa. Masana na ci gaba da muhawara kan iyakar wannan kamanni, sai dai zafin muzantawa gaskiya ne. Kafin nan, a 1991, Marilynn Brewer ta nuna cewa mutum na ɗauke da buƙatu biyu masu jan juna: yana son ya saje da jama'arsa, yana kuma son a gane shi daban. Kalmar "kwaikwayo" buƙata ta biyun take takawa, musamman ga mai sana'ar hannu da sunanta ke jikin aikinta. A ganina matar ba ta yi adalci ba, domin teloli da yawa sun fara ne da warware tsohuwar riga suna duba yadda aka yanka wuyanta. Rashin barcin dare ɗaya ko biyu ba ya buƙatar magani, kada ki sayi ƙwayar barci a kemis.

Wata uwa daga Idi-Araba ta ce ɗanta ya daina magana a aji tun da abokansa suka laƙaba masa "aku", yanzu ma ba ya son cin abinci.

Baiwar Allah, wannan tambayar ta fi ɗaukar hankalina. Matasa sun fi manya jin zafin irin wannan tsokana saboda a shekarunsu ne mutum ke neman sanin ko shi wane ne. Ki zauna da shi ba tare da faɗa ba, sannan ki sanar da malaminsa. Idan ƙunci, janyewa daga mutane, sauyin barci da ƙin abinci suka kai mako 2, a kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke unguwarku, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, a duba ko ciwon damuwa ne. Idan kuwa ya ambaci cutar da kansa, kada a jira mako biyun, a kai shi a ranar.