Kansilanmu ya rasu, an ce ƙanensa ne zai hau: me doka ta ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke Kano ta Kudu. Shekaruna 39, ina da NCE, na shekara 16 ina koyarwa. Ina ɗan noma, ina kuma da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Kansilan mazaɓarmu Allah ya yi masa rasuwa watannin baya, har yau kujerar babu kowa. Da manyan jam'iyya suka zo gaisuwa sun ce ƙanen marigayin ne zai ƙarasa wa'adin, don a share wa iyalin hawaye. Wanda ya zo na biyu a zaɓe kuma yana cewa kujerar tasa ce. Ni kuma matasan gari sun matsa min lamba in fito. Shin cikin mutum biyun nan wa doka ta ba? Idan zaɓe za a yi, na cancanta? Sai na bar aikina, ko zan iya ɗaukar hutu? Sannan mene ne ainihin aikin kansila?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan kansilanku, ya kyauta namu zuwan.

Cikin mutum biyun nan babu wanda doka ta ba. Kujerar kansila ba rawanin dagaci ba ce da za a ce ya tsaya a gida. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar ƙaramar hukuma zaɓaɓɓiya ce, saboda haka duk wanda zai zauna a kujerar mazaɓarku sai wanda kuka kaɗa wa ƙuri'a. Jam'iyya tana da ikon ta tsayar da ƙanen marigayin takara, kuma in mutane sun tausaya sun zaɓe shi babu mai cewa don me. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta kai shi sakatariya a rantsar da shi ba tare da an ajiye akwati ba. Shi ma wanda ya zo na biyu, zancensa ba shi da tushe. Zaɓen da ya faɗi ya riga ya wuce. Hanya ɗaya da na biyu ke hawa ita ce kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ce tun asali shi ya ci, kuma mutuwa ba hukuncin kotu ba ce. Abin da ya rage shi ne zaɓen cike gurbi, wanda hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, za ta shirya. INEC ba ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi sai a Abuja, amma rajistar masu zaɓe tata ce ake amfani da ita.

Ina jin ruɗanin daga kujerar ciyaman ya samo asali, domin can akwai magaji. Ciyaman da mataimakinsa tikiti ɗaya suka shiga da shi, shi ya sa in ciyaman ya rasu, ko ya ajiye, ko aka tsige shi, mataimaki ke hawa. Tsarin gwamna aka kwaikwaya, inda sashe na 191 ya ce mataimaki ya gaje shi, in kuma duka biyun babu, kakakin majalisa ya riƙe na lokacin da bai wuce wata 3 ba, a yi sabon zaɓe. Kansila kuwa shi kaɗai ya tsaya, ba shi da mataimaki.

Wani zai ce ai a naɗa ɗan riƙo kawai kafin zaɓe. Wannan ƙofar ma Kotun Ƙoli ta rufe ta. A watan Mayun 2021 ta ce rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin Katsina da aka yi a 2015 haramun ne, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma, a ƙarar da babban lauyan gwamnatin tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin da ya ce kantomomi da kwamitocin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki, kuma kason ƙananan hukumomi a riƙa tura musu kai tsaye. Wannan hukuncin ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen zaɓe: Jigawa ta yi nata na ƙananan hukumomi 27 ranar 5 ga Oktoba, Kano ta yi na ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ranar 26 ga watan. Idan gwamna da kansa ba shi da ikon ɗora wanda ba a zaɓa ba, ina ga shugaban jam'iyya na mazaɓa? Akwai dai kansiloli masu gafaka, waɗanda ciyaman ke naɗawa su kula da sassa kamar lafiya, ilimi, ayyuka da aikin gona. In ana son a share wa iyalin hawaye, can ce hanyar da doka ba ta hana ba. Amma mai gafaka ba wakilin mazaɓa ba ne, ba shi da ƙuri'a a zauren majalisa.

Tunda an ɗauki watanni shiru, ga abin da nake ba ku shawara. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban majalisar kansiloli da hukumar zaɓe ta jiha, masu katin zaɓe na mazaɓar su sa hannu, ku nemi a bayyana kujerar babu kowa a sa ranar zaɓe. Ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. In an yi kunnen uwar shegu da ku, lauya zai iya zuwa Babbar Kotun Jiha ya nemi umarnin da ke tilasta hukuma ta yi aikin da doka ta ɗora mata. Galibi ba a yin zaɓen cike gurbin kansila da wuri ne saboda babu wanda ya tsaya ya nema a rubuce.

Yanzu batun cancantarka. Kowace jiha tana da dokarta ta ƙananan hukumomi da ta zaɓensu, amma akwai iyakar da ba za ta tsallake ba. Sashe na 7(4) ya ce duk wanda ya cancanci a zaɓe shi majalisar dokokin jiha, dole a bar shi ya tsaya zaɓen ƙaramar hukuma. Ma'aunin ke nan yana sashe na 106: ɗan Najeriya, mai shekara 25 (da 30 ne, sai gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya rage), wanda ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar. Babu ɗan takara mai zaman kansa, ko da duk ƙauyen na bayanka. NCE ɗinka ta wuce abin da ake nema. Kai, sashe na 318 ya sassauta sosai, domin har mai takardar malanta ta Grade II ya shiga, haka ma mai takardar firamare in ya yi aikin shekara 10, ya yi kwasa-kwasan da suka kai shekara 1, kuma yana karatu da rubutu da Turanci. Na faɗi wannan ne don kada ku raina abokin hamayya ku ce ba shi da takarda, ku je kotu ku sha kunya.

Abubuwan da ke hana mutum suna sashe na 107: taɓin hankalin da aka tabbatar bisa doka, hukuncin kotu kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓe, karayar arziki da kotu ta ayyana, shiga ƙungiyar asiri, gabatar da takardar bogi. A Kano an saba kuma da tura 'yan takara hukumar NDLEA a yi musu gwajin ƙwaya. Sai kuɗin fom: a 2024 hukumar zaɓen Kano ta fara sanar da naira miliyan 10 ga ciyaman da miliyan 5 ga kansila, har maganar ta kai kotu. A ganina kuɗi irin wannan ya saɓa wa manufar sashe na 7(4), domin babu malamin firamaren da zai tara su daga albashi. In ka ga ya biya, wani ne ya biya masa, kuma wanda ya biya zai dawo karɓar bashinsa.

Inda nake so ka nutsu sosai shi ne batun aikinka. Sashen nan na 107 ya hana ma'aikacin gwamnati tsayawa sai ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Malamai da yawa suna ɗauka tunda su 'yan firamare ne abin bai shafe su ba. Ya shafe ka, domin sashe na 318 ya lissafa ma'aikatan ƙananan hukumomi da na makarantun da gwamnatin jiha ta kafa ko take ɗaukar nauyinsu cikin ma'aikatan jiha. Hanyoyi uku dokar ta ambata: ajiye aiki, janyewa daga aiki, ko ritaya. Hutu ba ya ciki, ko da hutun da ba albashi ne. Abin da kan faru shi ne mutum ya yi magana da hedimasta da baki, ya ce a rufa masa asiri, in ya faɗi ya dawo aji kamar ba a yi ba. In ya faɗi, shi ke nan. In ya ci ne ake yin ta, domin abin da lauyan abokin hamayya zai fara nema shi ne takardar biyan albashin watan zaɓe da rajistar sa hannu ta makaranta. Sunanka na ciki, kujera ta tafi, kuma ka jawo wa hedimastan tuhuma.

Saboda haka in ka yanke shawara, ka rubuta takardar ajiye aiki ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata, ka adana shi kamar takardar gona. In albashi ya shigo bayan nan, ka mayar, ka karɓi rasit. Kwana 30 ɗin daga ranar zaɓe ake ƙirga su baya, amma ka karanta ƙa'idojin da hukumar zaɓe da jam'iyyarka za su fitar, domin jam'iyya kan nemi a ajiye tun kafin zaɓen fid da gwani.

Ka kuma yi lissafi da idon basira. Wa'adin ƙananan hukumomi majalisar jiha ce ke yanke shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2002, kuma waɗanda aka zaɓa a Kano a 2018 da 2021 shekara 3 suka yi. Wanda ya shigo ta cike gurbi ba sabon wa'adi zai fara ba, ragowar na marigayi zai ƙarasa. Ke nan za ka ajiye aikin shekara 16 saboda kujerar da wataƙila ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Kafin ka sa hannu a komai, ka je ofishin fansho ka ji matsayin shekarunka. Matasan da ke zuga ka yau ba su za su ciyar da gidanka ba in wa'adi ya ƙare.

Shi aikin kansila, a doka, aikin majalisa ne. Su ne ke yin ƙananan dokokin ƙaramar hukuma, su duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo su amince ko su gyara, su bi sawun yadda aka kashe. Ba kansila ke ba da kwangila ba, ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Abin da zai sa ido a kai yana jadawali na 4 na kundin: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har lasisin keke, amalanke, baro da kwalekwale. Sai taimakawa wajen ilimin firamare, yaƙi da jahilci, aikin gona da kiwon lafiya. Ka tsaya a kara ranar kasuwa, irin ta Wudil ran Juma'a ko Ɗambatta ran Lahadi, ka ga yaran da ke yankar rasit a kan kowace dabba da kowace rumfa. Kansilan kirki shi ne wanda zai miƙe a zaure ya tambayi nawa aka tara a watan jiya, nawa ya shiga asusu, me ya sa kwalbatin hanyar kasuwa har yanzu a karye yake. Kai da ka san ajin da rufinsa ya yaye da wanda yara ke zaune a ƙasa, kana da abin faɗa a can fiye da mutane da yawa.

Amma ka san ba wannan mutane za su zo nema ba. Kafin ka idar da sallar asuba ƙofar gidanka ta cika: mai takardar magani, mai suna jibi, mai neman buhun taki, mai yaron da 'yan sanda suka kama. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da doka ta ɗora wa kansila, albashinsa kuma ba zai ɗauka ba, nan ne da yawa ke fara karɓar abin da bai kamata ba.

Hakan ya kawo mu ga shagonka. Jadawali na 5 ya sa ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma cikin waɗanda dokar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu. Za ka cike fom ɗin bayyana kadarori da zarar ka kama aiki, ka sake cikewa in za ka sauka. Ba a cin albashin gwamnati biyu a lokaci guda. Mai muƙami na cikakken lokaci ba ya gudanar da kasuwanci da kansa, noma kaɗai aka yarje masa, don haka gonarka ba matsala, shagon kuwa sai ka damƙa wa wani ɗan'uwa ya riƙa juyawa. Wannan ƙa'idar ma, in ka lura, tana kanka tun yanzu da kake malami. Wanda kotun ɗa'ar ma'aikata ta kama tana iya sauke shi, ta ƙwace dukiyar, ta hana shi riƙe muƙami har zuwa shekara 10.